Ɗan haya ya tashi kafin wa'adi ya cika: me mai gida zai iya karɓa, kuma ta yaya?

Idan ɗan haya ya kwashe kayansa ya tafi alhali da sauran watanni a agrimen, tafiyar tasa bata goge bashi. Wanda ya sa hannu cewa zai zauna shekara ɗaya alkawarin biyan kuɗin shekara ɗaya ya ɗauka, ko ya kwana a ɗakin ko bai kwana ba. A Jamus ma a fili doka ta faɗa, cewa ɗan haya baya kuɓuta daga biyan haya don wani dalili na ƙashin kansa ya hana shi zama. Haka a fiƙihu, mafi yawan malamai suna ɗaukar ijara a matsayin ƙulli mai ɗaure ɓangare biyu wanda mutum ɗaya baya warware shi don ya ga dama, Hanafiyya ne suka buɗe ƙofar fasawa idan uzuri na gaske ya taso. To wannan ɓangaren kam masu gidaje sun haddace shi. Wanda basa son ji shi ne na biyun: abin da alƙali zai ba ka asarar da ka yi ce ta zahiri wadda zaka iya nunawa a takarda, kuma abin da ka yi a kwanakin farko bayan tafiyar shi ne zai yanke ko zaka samu kuɗinka ko kai ne ma zaka biya.

Kafin komai ka ɗauko agrimen ɗin ka zauna ka karanta shi, ba karatun mai fushi ba. Ka duba ko mai wa'adi ne, wato daga rana kaza zuwa rana kaza, ko kuwa irin na wata-wata ne da yake sabunta kansa. In na wata-wata ne ai ba wata karya yarjejeniya babba, abin da ke kansa notis ne kawai, in bai bayar ba kuɗin kwanakin notis ɗin zaka nema shi kenan. In mai wa'adi ne sai ka duba ko akwai sharaɗin fita da wuri, domin agrimen da yawa suna ɗauke da shi masu gidan ma sun manta, lauya ne ko ejan ya saka tun farko: ɗan haya zai iya fita in ya ba da notis na wata biyu, ko in ya biya kuɗin wata ɗaya ko biyu a matsayin kuɗin sallama. In mutumin ya bi wannan sharaɗin to magana ta ƙare, abin da aka rubuta shi zaka karɓa ko da gidan zai yi wata shida ba kowa.

Sannan dokar wurin da gidan yake tana sama da agrimen ɗinka. A Faransa misali, dokar haya ta 1989 ta ba ɗan haya damar fita duk lokacin da ya so ko da wa'adi bai cika ba, notis ɗin wata 3 zai bayar in gidan ba kaya a ciki aka ba shi, wata 1 in da kayan ɗaki ne ko a garuruwan da ake ƙarancin gidaje. A Amurka akwai dokar tarayya ta 2003 da ta ba soja damar soke haya in aka canja masa wurin aiki ko aka tura shi aiki na kwana 90 ko fiye, kuma jihohi da dama sun yi irin wannan sassaucin ga wanda yake gudun cin zarafi a cikin gida. Akwai kuma wanda ya fi yawa a ko'ina, shi ne gidan da ya lalace har ba ya zaunuwa. Rufi na yoyo, masai ya cika, wayar wuta na tartsatsi, ɗan haya ya yi ta turo saƙo kana cewa za a zo za a zo. In har da irin wannan a tsakaninku, ka yi tunani sosai kafin ka doshi kotu, don waɗancan saƙonnin da ka share suna nan a wayarsa kuma su lauyansa zai fara karantawa.

Yanzu a ce ka duba, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, fita kawai ya yi. Abu na gaba ka tabbatar ya fita ɗin da gaske. Nan ne mutane suke afkawa rami. Ka ga ƙofa a kulle sati biyu, waya bata shiga, maƙwabta sun ce sun ga an loda kaya a mota, sai ka kira mai gyaran kwaɗo ka fasa ka canja mukulli. Kwana uku sai ga mutum ya dawo ya ce asibiti ya yi jinya, kuma wai akwai kwamfutarsa da takardunsa da wasu kuɗi a cikin durowa duk babu, kai kuma ba ka da shaidar abin da ka tarar. Daga mai bin bashi ka koma wanda ake tuhuma. A Ingila, a ƙarƙashin dokar 1977, korar ɗan haya ba ta hanyar kotu ba laifi ne da ake hukunta mutum a kai, kuma kusan duk inda ka je dokar ta hana mai gida canja kwaɗo, yanke wuta da ruwa, cire ƙofa ko kwano, ko turo ƙarti su yi waje da kaya, komai yawan kuɗin da yake bi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da zaka yi shi ne ka nemi magana a rubuce. Ka tura masa wasiƙa ko imel ko da saƙon WhatsApp ne, ka tambaye shi kai tsaye: ka bar gidan ne, daga wace rana, yaushe zaka kawo mukulli, kayan da suka rage kana so ko baka so? In ya amsa ka adana amsar, ka ɗauki hoton allon ka tura wani wurin. In shiru ne, ka liƙa notis a ƙofa ka ɗauki hotonsa da kwanan wata, ka tura kwafi duk adireshin da ka sani har na wanda ya tsaya masa, ka jira kwanakin da dokar wurinku ta tanada. In har yanzu da kokwanto, musamman in kayansa masu daraja suna ciki, gara ka bi ta kotu ta ba ka izinin karɓar gidanka. Yana ɗaukar lokaci, na sani, amma ya fi arha.

Batun mukulli kuma akwai wani abu a ciki da ba kowa ya lura da shi ba. A tsarin shari'a irin na Ingila da ƙasashen da suka gaje shi, in ɗan haya ya miƙa gida kai kuma ka karɓa ta yadda duk mai kallo zai ce kun rabu ke nan, ana ɗaukar hayar ta mutu daga ranar, kuɗin watannin gaba sun faɗi. Karɓar mukulli kaɗai ba lallai ya kai haka ba, amma ka karɓa ka ce "ba komai Allah ya kiyaye hanya", washegari ka sa ƙaninka a ɗakin ko ka mayar da shi sito, to da wuya ka dawo kana neman kuɗin wata bakwai. Don haka ranar da ka karɓi mukulli ka rubuta masa layi biyu: na karɓi mukulli yau ranar kaza domin tsare gidan da kuma nemo wani ɗan haya, wannan ba yana nufin na yafe abin da agrimen ya ɗora maka ba. Ka sa hannu, in ya yarda shi ma ya sa. Layi biyun nan sun fi duk wani faɗa da zaka yi a bakin ƙofa amfani.

Ranar shiga kada ka shiga kai kaɗai. Ka tafi da shaida, ka kunna bidiyo tun daga waje, ɗaki bayan ɗaki, bango, famfo, tagogi, silin, ka ɗauki lambar mitar wuta da ta ruwa. Kayan da ya bari ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya ka ajiye su wuri mai tsaro ka sanar da shi. Kada ka sayar, kada ka riƙe su a matsayin jingina sai in ka tabbatar dokar wurinku ta yarda, don a wurare da yawa bata yarda ba ga gidan zama.

To sai babbar magana, wadda ita ce kan gaba a yawancin irin wannan shari'ar: shin zaka iya barin gidan a kulle ka naɗe hannu kana ƙirga wata, in wa'adi ya cika ka kai ƙara a biya ka duka? A da can haka abin yake. Amma a 1977 kotun ƙolin jihar New Jersey a Amurka ta yanke wani hukunci da har yau ake koyar da shi, shari'ar Sommer da Kridel. Wani saurayi ne ya kama gida na shekara 2 a 1972 da niyyar yin aure, auren ya fasu, ya rubuta wa mai gidan wasiƙa yana roƙon a sallame shi ya ma bar kuɗin da ya riga ya biya, mai gida bai ko amsa ba. Aka samu mai son gidan aka ce masa ai an riga an kama, gida ya zauna fiye da shekara ba kowa, shi kuma mai gidan ya je kotu neman kuɗinsa. Kotu ta ce a'a, wajibi ne ka yi ƙoƙari daidai gwargwado ka sa wani don asarar ta ragu, kuma kai mai gida kai ne zaka kawo hujjar cewa ka yi ƙoƙarin. Yau mafi yawan jihohin Amurka a kan haka suke, Texas ta sa shi a dokarta, New York ta sa a 2019 ga gidajen zama, kuma duka biyun sun ce ko an rubuta a agrimen cewa ɗan haya ya yafe wannan haƙƙin rubutun banza ne. Ingila kuwa ta bambanta, a 2006 kotun ɗaukaka ƙara a shari'ar Reichman da Beveridge, wadda kan hayar ofis aka yi, ta ce mai gida da ya bar yarjejeniyar a raye yana neman haya a matsayin bashi ba dole ba ne ya nemo wani.

Ni dai a ganina ko a inda doka bata tilasta maka ba, ka nemo wani ɗin. Mutumin da ya gudu don ya kasa biyan wata ɗaya ina zai samo na wata bakwai? Sabon ɗan haya kuɗi ne a hannu, tsohon kuwa takardar hukunci ce da zaka yi ta yawo da ita. Ga shi gidan da ba kowa lalacewa yake da sauri, ɓarayi su cire waya da famfo, kuma wasu kamfanonin inshora suna rage kariya in gida ya daɗe a kulle.

Ƙoƙari daidai gwargwado ba wani abu ne mai wuya ba, abin da ka saba yi ne duk lokacin da gida ya zama ba kowa. Ka share ka gyara, ka sa talla, ka gaya wa ejan, ka nuna wa masu zuwa dubawa, ka sa kuɗin da kasuwa take kai. Ba a ce ka karɓi duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, kana da damar tantancewa kamar kullum, wanda ba shi da hanyar biya ka ƙi shi. Abin da baka da dama shi ne ka ninka kuɗin don kowa ya gudu, ko ka ƙi mutumin kirki ba dalili, har da wanda shi tsohon ɗan hayar ya kawo ya maye gurbinsa. Kuma ka riƙa rubutawa: ranar da ka sa talla, rasit ɗin tallan, wa ya zo, yaushe, me ya sa ba a daidaita ba. Wannan ɗan littafin shi ne rabin shari'arka.

Yanzu lissafi. Mu ɗauka hayar 100 ce a wata, agrimen na wata 12, mutumin ya fita ƙarshen wata na 5 kuma na watan nan na 5 ɗin ma bai biya ba. Mai gida a zuciyarsa 800 yake bi, wato 100 na baya da 700 na gaba. To ga yadda abin yake fitowa in aka bi ƙa'ida. Bashin baya 100, wannan ba gardama. Gida ya zauna wata na 6 da na 7 ba kowa duk da ka yi talla, 200 ke nan. A wata na 8 ka samu wani amma kasuwa ta sauka sai a 90 ya kama, giɓin 10 sau wata 5 da suka rage ya zama 50. Talla da kuɗin ejan 30, ƙofar da ya ɓalla da gilashin da ya fasa 40. Jimla 420. Kana riƙe da diposit ɗinsa 100, wato kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin kama gidan, ka cire, saura 320. Wannan shi ne abin da zaka nema. In kuma sa'a ta zo sabon ya kama tun wata na 6 a kan 100 ko fiye, to na gaba duk ya faɗi, sai bashin baya da ɗawainiyar neman wani da gyaran ɓarna. Ba a cin tudu biyu, ba zaka karɓi hayar wata ɗaya a ɗaki ɗaya daga mutum biyu ba.

Wannan ƙa'idar tana juyowa kanka in an biya ka kuɗin shekara gaba ɗaya tun farko. Ɗan haya ya fita a wata na 5 ya ce a mayar masa da sauran, kai ka ce ai ba ni na kore ka ba. Da gaskiyarka, muddin gidan yana nan ba kowa yana jiransa. Amma ranar da ka sa wani ya fara biya, riƙe kuɗin waɗannan watannin daga wancan ya zama abin da zai yi wuya ka kare a gaban alƙali, sai ka cire asararka ka mayar masa da abin da ya rage.

Kan ɓarna kuma a yi adalci. Fenti da ya dushe, ƙananan ramukan ƙusa, hannun ƙofa da ya saki don tsufa, duk wannan tsufan gida ne, ba a cajin ɗan haya. Abin da ake caji shi ne abin da ya fasa ko ya ƙona ko ya cire, kuma ba kuɗin sabo fil ba in abin dama ya sha jiki. Ba zai yiwu kafet ɗin da ya shekara takwas ana takawa ka ce a saya maka sabo ba.

Diposit shi ma akwai tarko. Ba kyauta ba ce da ta faɗo maka don mutum ya karya alkawari, amana ce a hannunka, kuma wurare da yawa sun sa wa'adi. A New York kwana 14 ne ka tura masa lissafin abin da ka cire dalla-dalla tare da sauran kuɗin, a Kalifoniya kwana 21, a Texas 30. A Ingila dole a sa diposit a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30 da karɓa, wanda bai yi ba kotu na iya cin sa tarar da ta kai ninki 3 na kuɗin. Kaga mutum na iya bin 320 ya ƙare da biyan abin da ya kusa haka don sakaci da takarda ɗaya.

In lissafi ya kammala sai ka rubuta takardar neman biya. A taƙaice, ba zagi ba barazana: ga abin da nake bi, ga yadda aka same shi, ga kwafin rasit, ka biya kafin rana kaza ta hanya kaza, in ba haka ba zan kai ƙara. In akwai garanto, wato wanda ya tsaya masa, ka tura masa kwafi, amma ka duba takardar da ya sa wa hannu tukuna, don wanda ya sa hannu a matsayin shaida kawai ba shi ne mai biya ba, mutane suna yawan haɗa biyun. In mutum biyu ko uku ne suka kama gidan da agrimen ɗaya, sau da yawa an rubuta cewa kowannensu yana ɗauke da dukkan kuɗin, to kana iya bin wanda ya fi sauƙin samu. Kada ka je wurin aikinsa kana tara masa jama'a, kada ka sa hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo, wannan wata ƙarar ce daban kake saya wa kanka.

Yawancin irin wannan rigimar sulhu ne yake kashe ta, kuma gaskiya shi na fi ba da shawara. Ya ce zai iya 200 cikin wata huɗu, ka auna da kuɗin lauya da zirga-zirga da ɗage zama, sau da yawa zaka ga karɓa ya fi. Sai dai a rubuta: nawa ne, yaushe, kuma in ya saɓa kashi ɗaya cikakken bashin ya dawo. Kada ka sa hannu kan cewa ka sallame shi gaba ɗaya sai kuɗin ƙarshe ya shigo.

In sulhu ya ƙi, ƙasashe da yawa suna da kotun ƙananan basussuka inda ba sai da lauya ba, ka tambayi iyakar kuɗin da take saurara. Ka je da agrimen, rasit ɗin biyan da ya yi a baya, saƙonninku, bidiyo da hotuna, littafin tallan nan, da sabon agrimen ɗin wanda ya shigo. In agrimen ɗinka yana da irin sharaɗin nan na cewa wanda ya fita da wuri zai biya ninki biyu ko duk sauran kuɗin nan take, kada ka dogara da shi sosai, alƙalai suna yawan watsar da sharaɗin da ya fi kama da horo a kan diyya. Kuma cin shari'a daban karɓar kuɗi daban, bayan hukunci sai ka sake neman kotu ta ba da umarnin cirewa daga albashinsa ko asusunsa na banki, shi ya sa adireshinsa na yanzu da wurin aikinsa suke da muhimmanci tun kafin ka shigar da ƙara. Bashin haya yana da wa'adin da in ya wuce kotu bata sauraro, a Ingila shekara 6 ne daga ranar da kuɗin ya wajaba, wasu wuraren bai kai haka ba, don haka ka tambayi na wurinku tun ranar da ka tura takardar neman biya.